Ƙwaya Ɗaya a Ƙarƙashin Harshe

Nas ta leƙo daga ɗakin gwaji da fayil a hannu, ta yafito shi. Ya miƙe da sauri fiye da yadda ya kamata, ya tuɓe jaket ɗinsa ya ɗora wa matarsa a cinya, kusa da ƙafafun jaririya.

"Riƙe min, Sajan."

Sajan yake ce mata tun da aka sallamo shi daga asibiti, sati shida ke nan, saboda yadda ta tsaya a kan maganinsa. Na safe da gidansa a akwatin roba, na yamma da nasa, gishiri ma sai ta auna da ƙaramin cokali. Sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. In dai zai haɗiye, ya kira ta Janar ma.

"Abban Gimbiya, ka tuna abin da likita ta ce. Da ka ji wani abu, ka faɗa."

"Ke dai yau ni ne mai awo," ya ce, yana shafa ƙirji. "Za a shafa min man nan mai sanyi a duba. In namiji ne zan aiko a gaya miki."

Yayansa, wanda ke zaune a ƙarshen bencin ya miƙe dogayen ƙafafu har tsakiyar hanya, ya ƙyalƙyale da dariya. "Shiga, Kafaɗa. Ka nuna musu."

Ƙofa ta rufe.

Ta gyara wa Gimbiya zama, ta ciro katin rigakafin yarinyar daga jaka. A bayansa ta rubuta bayanin likita ranar da aka ba su wannan rana, don shi ne takardar da ta tabbata ba za ta taɓa yarwa ba. Za a fara ɗaukar hoton zuciyarsa yana kwance, da irin na'urar da ake duba masu ciki. Sai ya hau injin tafiya, duk minti uku a ƙara masa gudu a ƙara masa tudu. Da ya kai iyakarsa, a kwantar da shi nan take a sake ɗauka kafin zuciyar ta huce. Ranar da zuciyarsa ta buga, jijiya ɗaya aka tarar a toshe, aka buɗe ta. Amma akwai ta biyu da likita ta gani ta matse, ba ta toshe ba, ba ta kuma buɗe yadda ake so ba. Ita ake tuhuma yau. In tana kai jini yadda ya kamata lokacin da jiki ya ɗauki nauyi, za a ba shi takarda ya koma aiki ranar Litinin. In wani ɓangare na zuciyar ya yi lagwas a hoto na biyu, to da sauran magana.

Takardar ce ta hana gidan sakat. Kamfanin kwashe kayan gida da suke wa aiki, shi da Yaya, ya ce an riƙe masa gurbinsa zuwa ƙarshen wata, da sharaɗin ya zo da sa hannun likita. Shekara goma sha huɗu ke nan suna ɗauka tare, Yaya a sama yana jan ragama, shi a ƙasa inda nauyin yake sauka, har abokan aiki suka manta sunansa suka koma ce masa Kafaɗa. Kuma suna da doka wadda ya sha gaya mata da alfahari tun suna sabon aure: mai ƙasa ba ya cewa a tsaya a tsakiyar bene. Ko hannu zai tsinke, sai an kai kwana an dire. Ranar da abin ya same shi ma haka aka yi. Ya kai firij ɗin mutane har kwanar hawa na biyu, ya dire shi a hankali bai ko ƙwarzane bango ba, sannan ya zauna a ƙasa ya kasa tashi.

Gimbiya ta samu hannun jaket ta cusa a baki. Watanta bakwai, haƙora biyu, komai na duniya abin taunawa ne. Uwar ta janye, yarinyar ta sake fizga, sai wani abu ya yi ƙara a aljihun ciki, ƙas-ƙas, kamar tsakuwa a gwangwani.

Ta san ko mene ne. Ita ta saka da hannunta da safe: 'yar kwalbar ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe in ciwon ƙirji ya taso. Sabuwa ce, jiya ta karɓo, don mai ba da magani ya ce wadda aka daɗe da buɗewa ƙarfinta raguwa yake. Amma jiya ba ta yi ƙara ba. Akwai auduga a wuyanta mai danne ƙwayoyin.

Ta ciro ta. Ledar da ke zagaye da murfin a yage. Audugar babu.

Sai yanzu abin ya dawo mata: minti goma da suka wuce ya ce zai zaga banɗaki, Yaya ya ce shi ma. Da suka dawo kunnuwansa sun yi ja, yana matsa goshi da yatsu biyu. Haka ƙwayar take masa, ciwon kai take saukar masa nan take. Ta gani da idonta, amma ta ɗauka fargaba ce.

Ta lalubo takardar sharuɗɗan gwajin, duk da ta haddace ta. Layi na huɗu: kada a sa ƙwayar ƙarƙashin harshe ranar gwaji sai in ciwo ya taso, in kuma an sa, a sanar da ma'aikata kafin a fara.

"Yaya."

"Na'am, amaryarmu." Shekara uku da aure, har yau haka yake kiranta.

Ta buɗe tafin hannunta. Ya kalli kwalbar, ya kalli bangon da ke gabansa inda aka manna hoton zuciya mai jijiyoyi ja da shuɗi, ya ja ƙafafunsa ya naɗe.

"Ciwo ne ya kama shi a banɗaki?"

"Wane irin ciwo kuma? Lafiyarsa ƙalau. Mayar masa aljihu."

"To me ya buɗe ta?"

"Ke fa kin cika bincike. Guda ɗaya ce tak." Ya matso, ya rage murya. "Ba likitar da bakinta ta ce in zai yi wani abu mai nauyi yana iya sa ɗaya kafin ya fara ba? Ina wurin ta faɗa. To wannan injin ba abu mai nauyi ba ne? Mu a wurinmu ba a taɓa firij sai an ɗaura bel a ƙugu. Wannan bel ne, ba wani abu ba."

Daga cikin ɗakin wani gunji ya tashi, ƙasa-ƙasa, sai ƙarar takalmi a kan roba, tif, tif, tif. An gama hoton farko. Ya hau.

"Yaya, ƙwayar nan buɗe jijiya take yi. Su kuma so suke su ga jijiyar yadda take in ba a taimake ta ba. In hoton ya fito da kyau, na ƙwayar ne ko nasa?"

"In ya fito da kyau ya fito da kyau. Takarda ba ta da baki."

"Ranar Litinin fa? A kowane bene zai tsaya ya sa ƙwaya?"

"Me zai hana? Ai don haka aka yi ta."

Ta dube shi. Ba mugu ba ne, wannan ta sani. Shi ya goyo ƙaninsa daga hawa na biyu zuwa mota ran nan, shi ya zauna a ƙofar ɗakin tiyata yana kuka kamar yaro, gemu duk majina. Abin da ya yi imani da shi yake faɗa mata, shi ya sa ma abin ya fi ba ta tsoro.

"Saurara ki ji," ya ce. "Ke kike kwana da shi, amma ni na san shi tun yana rarrafe. Zaman gidan nan cin sa yake. Kin ga yadda ya koma? Jiya na same shi yana ninke kayan jaririya. Kafaɗa! Yana ninke safa! In gurbin nan ya tafi, me zai yi? Gadi? Yana da shekara talatin da tara?"

Gaskiya ya faɗa. Ta ga yadda yake tsayawa a taga da safe in motar kaya ta wuce. Ta ga ranar da mai gas ya kawo tukunya, ya miƙa hannu zai karɓa, ta ce a'a, ya koma ɗaki bai ci abinci ba. Dariyar da ya yi ɗazu ita ce ta farko da ta ji ta fito daga cikinsa tun sallama.

Gunjin injin ya ƙara sama. Tif-tif-tif. Minti uku sun tafi.

"Kuma ki yi tunani," in ji Yaya, yana kallon ƙofar. "Mijinki ne. Ki shiga ki tsinka shi a gaban mata biyu, yana tsaye ba riga? Zai yafe, na san shi. Amma ba zai manta ba."

Gimbiya ta fara ƙananan kuka, tana miƙa hannu ga kwalbar. Uwar ta dunƙule ta a hannu, ta ɗora yarinyar a kafaɗa tana jijjigawa. Wata zuciyar ta ce mata ƙwaya ɗaya ce, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar shinkafa, wataƙila ma ƙarfinta ya gushe kafin ya kai tudu. Likitoci ne, injinsu ba ya ruɗuwa da irin wannan. In akwai matsala za su gani. Ta kusa yarda. Har ta buɗe aljihun jaket ɗin.

Sai ta tambayi kanta: in ba su gani ba fa? Ta hango takardar da hatimi a kai. Ta hango shi ran Litinin a ƙasan kabad mai ƙofa uku, a wani bene mai ƙunci na gidan da ba ta sani ba, Yaya a sama ba ya ganin fuskarsa. Kuma ta san mutumin da ta aura. Ba zai ce a tsaya ba. Ko a can cikin ɗakin, yanzu haka, in wani abu ya kama shi, haƙora zai datse ya ci gaba da takawa.

Ta miƙe. Jaket ya zame ƙasa.

"Amarya. Ke! Zauna mana."

A jikin ƙofar an rubuta kada a shiga ana gwaji. Ta ƙwanƙwasa. Shiru, sai gunji. Ta sake ƙwanƙwasawa da gindin kwalbar, da ƙarfi, har wata tsohuwa da ke jiran layi da sababbin takalman gudu ta ce, "Subhanallahi, 'yar nan, ƙofar gwamnati ce ko ta gidanku?"

Nas ta buɗe kaɗan, fuska a ɗaure. "Baiwar Allah, ba ki iya karatu ba? Saura 'yan mintoci."

Matar ta ɗaga kwalbar, ta nuna yagaggiyar ledar. "Ya sa ɗaya. Kafin ya shigo. Minti goma sha biyar ke nan."

Fuskar nas ta sauya. Ta juya ta ce wani abu, ƙofar ta ƙara buɗewa.

Yana kan injin, hannuwa a kan ƙarfe, ƙirji duk wayoyi, an aske masa gashi wuri-wuri inda aka manna su. Zufa na bin bayansa. Likitar, mace mai furfura a gaban goshi da tabarau a rataye da igiya, ta danna wani abu, bel ɗin injin ya fara lafawa, tudun ya kwanta.

"A hankali, kar ka tsaya lokaci ɗaya. Yawwa. Sauko ka zauna a bakin gado."

"Likita, ban gaji ba. Wallahi ko rabi ban yi ba."

"Na sani. Zauna."

Sai a lokacin ya ga matarsa a bakin ƙofa, da yarinya a kafaɗa da kwalba a hannu. Kallon da ya yi mata bai kai daƙiƙa biyu ba, ya mayar da ido kan takalmansa. Da ya yi mata tsawa da ya fi mata sauƙi.

Likita ta karɓi kwalbar, ta sa tabarau, ta juya ta. Nas ta hura abin awon jini a damtsensa. Likitar ta dube shi.

"Ɗazu na tambaye ka ko ka sha wani abu yau ban da abin da muka ce. Me ka ce min?"

Ya ci gaba da kallon takalmansa.

"Ba faɗa zan yi ba, malam. Abu ɗaya nake son sani, kuma amsar tana da muhimmanci. Ciwo ne ya taso ka sa, ko kuwa?"

"Ba ciwo. Shiri ne kawai."

"Shirin me?"

"Don kar ya zo."

Likitar ta cire tabarau, ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta. "Ka san zai zo ke nan."

Yaya ne ya kutso kai ta saman kafaɗar amaryar. "Ranki ya daɗe, a yi haƙuri, ni na ba shi shawara, laifina ne. Amma yaron nan garau yake. Mun gwada shi da kanmu. Kwana tara muna zuwa benen gidanmu da safe, hawa huɗu, da tukunyar gas cike a kafaɗa. Sau biyu-biyu. Ko gezau!"

Sai yanzu matar ta gane. Tafiyar safen ke nan. Tafiyar minti ashirin a fili da likita ta ce ya riƙa yi, wadda ita da kanta take tashinsa ya fita, har tana gode wa Yaya da yake zuwa raka shi.

"Tukunyar gas," in ji likita, a hankali, kamar tana rubutawa a ka. Ta jawo kujera ta zauna daidai gabansa. "Ko gezau, malam?"

Zufa ta ɗigo daga haɓarsa ta faɗa kan gwiwa.

"A hawa na uku yake kama ni," ya ce. Ya ɗora dunƙulallen hannu a tsakiyar ƙirji, ya ja shi zuwa muƙamuƙi. "Daga nan zuwa nan. In na dire na huta sai ya sake ni."

"Kullum?"

"Da farko sai a zagaye na biyu. Shekaranjiya da jiya tun a na farko."

"Kafaɗa!" Muryar Yaya ta fashe. "Ba ka gaya min ba! Ina gabanka ina ƙirga maka, ba ka ce min komai ba!"

"Muna tsakiyar bene, Yaya."

Yaya ya ja da baya har ya jingina da bangon waje, ya zame ya tsuguna, ya rufe fuska da manyan hannuwansa.

Likita ta kalli dogon layin da na'ura ta zana a takarda, ta yage shi ta ninke. "To. Gwajin da zan yi maka ka riga ka yi shi sau tara, ba wayoyi, ba kowa a kusa da zai cece ka. Sakamakon kuma ka ba ni yanzu da bakinka. Ba za ka sake hawa injin nan ba, yau ko gobe. Ciwon da ke zuwa da wuri fiye da jiya ba a tura shi gida. Za mu ba ka gado. Gobe da safe a shiga ta jijiyar hannu a ga ta biyun nan ido da ido, in ta buɗewa ce a buɗe."

"Takardar fa?"

"Babu takarda yau."

"Ƙarshen wata saura kwana shida, likita."

"Na ji. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba za ka ɗauki kaya cikin kwana shida ba. Bayan haka sai abin da muka gani." Ta juyo ga mai tsaye a ƙofa. "Ke ce matar? Ki zauna kar ki faɗi. A ba ta ruwa."

Aka kawo keken marasa lafiya. Ya ce zai taka da ƙafarsa, nas ta ce ba a nan ba. Ya zauna, aka yafa masa zanen asibiti. Da aka tura shi ta gaban benci, tsohuwar mai takalman gudu ta janye ƙafafunta, ta ce Allah ya ba da lafiya. Yaya ya tashi ya ce zai je ya sami ogan kamfani ya yi masa bayani da kansa, ba ta waya ba. Ya sunkuya ya ɗauko jaket ɗin daga ƙasa, ya kaɗe, ya miƙa wa amaryar da hannu biyu, ya tafi.

Ɗakin da aka kai shi gado huɗu ne, nasa na bakin taga. Aka sake manna masa wayoyi, aka sa masa allura a bayan hannu, aka ja labule aka bar su. Babu kujera, an ɗauke ta zuwa gadon da ke da baƙi da yawa. Ta tsaya a gefe da yarinya da jaka da jaket.

"Da kin bari," ya ce, yana kallon silin.

"Da na bari."

"Saura minti huɗu ko biyar. Ina jin ƙarfina."

"Na sani."

"Aikin ya tafi. Kin san haka ko?"

"Na sani, Abban Gimbiya."

Ta so ta ce wani aikin zai samu, ta so ta ce don kai na yi. Ta ga duk ba su da amfani yanzu, ta haɗiye. Ya juya fuska ga taga.

Gimbiya, wadda ta yi haƙuri fiye da kowa a ranar, ta ga ya isa haka, ta saki kuka mai gaskiya tana cusa kai a ƙirjin uwar. Lokacin shanta ya wuce da kusan awa guda. Uwar ta sauke jaka, ta kai hannu ga maɓallin rigarta. Yatsun suka ƙi. Ta kama maɓallin ya kuɓuce, ta sake kamawa ya kuɓuce, yarinyar na ta zillo tana neman suɓucewa.

Bai juyo ba. Amma ya ja ƙafafunsa gefe, ya bar mata wuri a ƙarshen gadon.

"Zauna kafin ki yar min da 'ya."

Ta zauna. Maɓallin ya buɗe, kukan ya ɗauke.

"Wane hannun likita ta ce za su huda?"

"Na dama. Ƙarfe takwas."

Ya ɗaga hannun ya juya shi, yana kallon kantar da ke tafin.

"Ki zo min da wandon nan mai laushi," ya ce. "Da caja."